Haƙƙin ma'adinai da diyyar filaye a Sabon Birni da Isa

Haƙƙin ma'adinai shi ne ikon mallakar abin da ke cikin ƙasa, kamar man fetur, iskar gas, zinari da farar ƙasa, tare da ikon haƙo shi ko ba wani izinin haƙowa. A ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa na jihar Sakkwato, kamar ko'ina a Najeriya, wannan haƙƙi yana hannun gwamnatin tarayya. Manomin da ya gaji gona ko ya saye ta yana da ikon noma ta, ya yi gini a kanta, ya bar wa magadansa ita, amma ba shi da ikon ba wani kamfani hayar man da ke ƙarƙashinta. Abin da doka ta bar masa ya yi ciniki a kai shi ne diyyar amfanin gona, itatuwa, gine-gine da sauran asarar da shigowar kamfani za ta jawo masa.

Yankin yana gefen gabas na kwarin Sakkwato, ɗaya daga cikin sabbin wuraren da gwamnati ke sa ran samun mai a cikinsu. Babu rijiyar mai ko ta gas da ke aiki a ƙananan hukumomin biyu. Duk da haka dokokin da za su yi aiki ranar da kamfani ya zo sun riga sun kafu, kuma mafi yawansu su ne ke aiki idan an karɓi fili don bututu, hanya ko haƙar dutse.

Yankin

Sabon Birni da Isa suna gabashin jihar Sakkwato, a bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, kuma Isa tana maƙwabtaka da Shinkafi ta jihar Zamfara. A ƙidayar 2006 Sabon Birni tana da mutane 207,599, Isa kuma 146,103. Nan ne tsakiyar tsohuwar ƙasar Gobir. Kufan Alkalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a hannun masu jihadi a 1808, yana cikin wannan yanki. Gobirawan da suka taso daga Tsibiri ne suka kafa Sabon Birni a tsakiyar ƙarni na 19. Yarjejeniyoyin iyaka tsakanin Ingila da Faransa, na 1898, 1904 da 1906, sun raba ƙasar biyu, Tsibiri ta faɗa ɓangaren Nijar, ko da yake dangi da auratayya da kasuwanni ba su rabu ba.

Noma da kiwo su ne sana'ar mafi yawan jama'a. A tudu ana shuka gero, dawa da wake da damina. A fadamun gulbin Rima da rassansa, irin su Bunsuru, Gagare da gulbin Maraɗi, ana noman shinkafa, albasa da kayan lambu, har da rani. Saboda haka kadada guda ta fadama ta fi ta tudu daraja nesa ba kusa ba. Mutum yana samun gona ta hanyar gado, saye, kyauta, aro, haya ko jingina, kuma mafi yawan waɗannan mu'amaloli da baki ake ƙulla su, a gaban mai unguwa da dattawa. Akwai kuma filayen da ba na mutum ɗaya ba: makiyaya, burtali, mashaya da maƙabarta.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Kwarin Sakkwato wani yanki ne na babban kwarin Iullemmeden, wanda ya ratsa Nijar, Mali, Benin da arewa maso yammacin Najeriya. Kwari a nan yana nufin wuri mai zurfi a ɓawon duniya da yashi, laka da ragowar halittun ruwa suka cike a tsawon miliyoyin shekaru, suka daskare hawa-hawa. Masana ilimin ƙasa sun sa wa kowane hawa sunan wurin da aka fi ganinsa a fili. Hawan Gundumi, mai tsakuwa da yashi, shi ne na can ƙasa, kuma ya samo sunansa daga Gundumi da ke kan hanyar Isa. A kansa akwai hawan Taloka, Dukamaje da Wurno, sannan Dange, Kalambaina da Gamba, sai na Gwandu a sama.

An daɗe ana cin moriyar wasu daga cikin waɗannan duwatsu. Farar ƙasar Kalambaina ce masana'antar siminti ta Sakkwato ke amfani da ita tun 1967, masana'antar da yanzu take ƙarƙashin kamfanin BUA. Akwai sinadarin fosfet, wanda ake yin takin zamani da shi, a hawan Dange. Hawan Gundumi kuwa yana riƙe da ruwan da rijiyoyin burtsatse na gabashin jihar ke jawowa.

Kafin mai ya taru har a haƙo shi a ci riba, sai abubuwa huɗu sun haɗu: dutsen laka mai ɗauke da ragowar halittu, zurfi da zafin da za su dafa ragowar ta zama mai, dutse mai ƙofofi da man zai kwanta a ciki, da wani dutse marar ƙofa a sama da zai hana shi tserewa. A gefen gabas, inda Sabon Birni da Isa suke, hawayen ba su da kauri sosai, domin suna zaune ne kai tsaye a kan tsoffin duwatsun da ke fitowa fili a Zamfara. Kaurinsu yana ƙaruwa idan aka nufi arewa maso yamma zuwa cikin Nijar. Man da Nijar ke haƙowa a Agadem yana can gabashin ƙasar, a wani kwari dabam, don haka samuwarsa ba hujja ba ce ta samun mai a Gobir. A 2017 shugaban kamfanin mai na ƙasa NNPC na lokacin, Maikanti Baru, ya shaida wa gwamna Aminu Waziri Tambuwal cewa kamfanin ya sa kwarin Sakkwato cikin shirinsa na bincike.

Tarihin mallakar ma'adinai

Raba saman ƙasa da abin da ke cikinta ya girmi zuwan Turawa. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan daular Usmaniyya ke hukunci da ita, mashahurin zance shi ne al'amarin ma'adini yana hannun shugaban Musulmi, ko da a cikin filin wani aka same shi, kuma shi ke ba da izinin haƙa bisa maslahar jama'a. Hanafiyya da Shafi'iyya sun fi karkata ga cewa ma'adinin da ke cikin fili mai mai shi yana bin filin. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba ta kowa ba, kamar sharewa da rayawa.

Da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga Kamfanin Neja a ranar 1 ga Janairu 1900, ta yi masa alkawarin rabin kuɗin da za a samu daga ma'adinai na shekara 99 a tsakanin kogin Kwara da wani layi da aka ja daga Yola zuwa Damagaram. Ƙasar Gobir ta ɓangaren Najeriya tana cikin wannan fili. Bayan cin Sakkwato a watan Maris 1903, Frederick Lugard ya bayyana wa manyan gari cewa ikon ƙasa da na dukkan ma'adinai ya koma ga sabuwar gwamnati, sai dai jama'a na iya ci gaba da haƙar tama da ɗibar gishiri bisa sharuɗɗa. Dokar filaye ta 1910 da ta 1916 sun sa dukkan ƙasar Arewa ƙarƙashin kulawar gwamna, sannan Dokar Filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ta ci gaba da wannan tsari. Dokar mai ta 1914 ta keɓe lasisin neman mai ga kamfanonin Ingila, kuma ta wannan hanya ce kamfanin Shell ya kai ga gano mai a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yau, a 1956.

Bayan 'yancin kai, Dokar Man Fetur ta 1969 ta mallaka wa gwamnatin tarayya dukkan man ƙasar. A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Filaye, wadda ta ɗauki tsarin Arewa ta shimfiɗa shi a ƙasa baki ɗaya.

Dokokin da ke aiki

Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulki na 1999 ya ce dukkan ma'adinai, mai da gas da ke cikin ƙasa ko ruwan Najeriya mallakar gwamnatin tarayya ne. Sashe na 162(2) ya tanadi a mayar wa jihar da aka haƙo arziki a cikinta aƙalla kashi 13 cikin 100 na kuɗin da aka samu. Wannan kaso baitulmalin jiha yake shiga, ba ya zuwa hannun mai gona.

Dokar Amfani da Filaye ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna. Abin da ɗan ƙasa ke riƙe da shi sunansa haƙƙin zama da amfani. Gwamna ke ba da shi a birane, ƙaramar hukuma kuma a karkara, inda ba za ta wuce kadada 500 don noma ko 5,000 don kiwo ba sai da yardar gwamna. Sashe na 36 ya amince da wanda yake noma fili a karkara bisa al'ada tun kafin dokar, ko da ba shi da takarda. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin mutum saboda maslahar jama'a, kuma ya ambaci haƙar ma'adinai da shimfiɗa bututun mai cikin dalilan sokewa.

Dokar Masana'antar Man Fetur, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a ranar 16 ga Agusta 2021, ta kafa hukumar NUPRC don kula da nema da haƙar mai. Hukumar ce ke gudanar da gwanjon filayen mai, kuma izinin iri uku ne. Na farko lasisin bincike ne na shekara 3, wanda ke ba da damar aune-aune kawai. Na biyu lasisin neman mai ne, mai ba da damar haƙa rijiyoyin gwaji. A sabbin yankuna irin kwarin Sakkwato yana iya kaiwa shekara 10 da faɗin murabba'in kilomita 1,500. Na uku hayar haƙar mai ce, ta shekara 20, kuma ana iya sabunta ta. Kason da kamfani ke biyan gwamnati daga man da ya haƙo a sabbin yankuna kashi 7.5 ne cikin 100, alhali a tsoffin filayen tudu kashi 15 ne. An rage shi ne don a jawo masu zuba jari zuwa inda ba a tabbatar da mai ba. Dokar ta kuma tanadi asusun binciken sabbin yankuna daga kashi 30 cikin 100 na ribar mai da gas da NNPC ke samu a yarjejeniyoyinsa na rabon riba.

A duk waɗannan matakai, gwamnati da kamfani ne ke zama a teburi. Sunan mai gona ba ya fitowa a takardar lasisi.

Bambanci da tsarin Amurka

Mafi yawan abin da ake karantawa a intanet game da masu filaye da ke cinikin hayar mai daga Amurka yake fitowa, inda doka ta bambanta. A can, tun haƙa rijiyar Edwin Drake a jihar Pennsylvania a 1859, wanda ya mallaki fili ya mallaki abin da ke ƙarƙashinsa, sai in an sayar da su a rarrabe. Wakilin kamfani kan je wurin mai fili da takardar haya, su daidaita a kan abubuwa uku. Akwai kuɗin sa hannu, mai kama da kafin alƙalami, da ake biya bisa faɗin filin. Akwai wa'adin farko, yawanci shekara 3 zuwa 5, wanda idan ya cika ba a haƙa ba hayar ta mutu. Sai kason mai fili daga man da aka sayar, wanda a al'ada ɗaya ne bisa takwas, amma a wurare irin Texas yana kaiwa ɗaya bisa huɗu. Pennsylvania ta kafa doka a 1979 da ta hana kason ya gaza ɗaya bisa takwas. Rigimar da ta fi yawa a kotunansu ita ce ko kamfani na da ikon cire kuɗin tacewa da sufuri daga kason mai fili kafin ya biya shi.

Tsarin Amurka shi ne bare a duniya. Ingila ta mayar da man da ke ƙarƙashin ƙasarta mallakar gwamnati tun 1934, haka ma Nijar da mafi yawan ƙasashen Afirka. Don haka duk takardar da wani ya kawo wa manomi a Najeriya da sunan sayen man gonarsa, ko yi masa alkawarin kaso a kan kowace ganga, ba ta da gindin zama a doka, domin mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba.

Abin da mai fili ke ciniki a kai

Lasisi bai ba kamfani ikon shiga gona ba tare da biyan diyya ba. Dokar 2021 ta wajabta biyan diyya mai adalci kuma isasshiya ga wanda aka taɓa haƙƙinsa na saman ƙasa, ta kuma kare wurare masu alfarma. Dokar Bututun Mai ta 1956 ta tanadi haka ga filin da bututu ya ratsa, kamar gonakin da ke kan hanyar bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Dokar Tantance Tasirin Muhalli ta 1992 ta ce manyan ayyuka ba za su fara ba sai an fitar da rahoto an ba jama'a damar faɗin albarkacin bakinsu.

Shigowar kamfani mataki-mataki ce, kuma asarar kowane mataki dabam take. A lokacin aune-aune, ma'aikata kan share dogayen layuka a miƙe cikin gonaki da daji, su aika girgiza cikin ƙasa da manyan motoci ko ƙananan nakiyoyi, su naɗi amon da ya dawo. Wannan ɓarna ta ɗan lokaci ce: shukar da aka tattake, itacen da aka sare, katanga ko rijiyar da ta tsage. Idan aka kai ga haƙa rijiya, ana karɓar fili na shekaru don dandalin haƙa, hanya, sansanin ma'aikata da ramin zuba laka.

Bisa sashe na 29 na Dokar Amfani da Filaye, ba a ɗaukar ƙasa kanta a matsayin kadarar da za a saya a farashin kasuwa. Abin da ake ƙiyastawa shi ne abin da mutum ya ɗora a kanta: gini, rijiya, shinge, shuka da itatuwa masu amfani irin su ɗorawa, kuka, tsamiya, goriba da mangwaro. Jami'an gwamnati ne ke fitar da jadawalin farashin kowace shuka da kowane itace. Wannan tsari yana da sakamako uku a yanki irin Gobir. Gonar tudu da aka ƙirga da rani, bayan an kawar da amfani, tana iya fitowa kamar fili fayau. Saurar da aka bari ta huta ba ta da abin ƙirgawa. Kuɗin amfanin damina ɗaya kuma ba ya maye gurbin gonar da iyali za su ci shekara da shekaru.

Abubuwan da masu filaye da wakilansu suka fi tsayawa a kai sun haɗa da lokacin ƙirga, da halartar mai gona ranar da ake yi, da ba shi kwafin abin da aka rubuta da sunansa. Akwai kuma bambanta fadama da tudu wajen farashi, tsawon lokacin da za a riƙe filin, biya kafin a shigo da injuna, barin hanyar dabbobi zuwa mashaya, kare ruwan rijiyoyi daga gurɓata, da gyara filin idan an tashi. Ƙwararrun masu ƙiyasta kadara kan wakilci masu neman diyya, su karɓi wani kaso na abin da aka biya.

Tambayar da ta fi wuya ita ce wa za a biya. Gonar gado da ba a raba ba tana da masu haƙƙi da yawa, har da mata, waɗanda shari'a ta ba rabo amma sau da yawa 'yan'uwansu maza ke noma kasonsu. A gonar jingina akwai mai asali da wanda ya ba da kuɗi yake nomawa. A gonar aro shukar ta wani ce, ƙasar da itatuwan na wani. Makiyayin da aka toshe wa burtali ya yi asara, amma ba shi da shuka ko gini da za a rubuta. Inda fili na al'umma ne, sashe na 29(3) ya ba gwamna zaɓin a biya al'ummar, ko shugabanta don ya sarrafa bisa al'ada, ko a zuba a wani asusu. Wannan yana ɗora nauyi mai yawa a kan uwayen ƙasa da hakimai, waɗanda su ne shaidun iyakoki kuma su ne ƙofar da kamfani ke bi.

Asusun al'ummomin da ake haƙa a yankinsu

Babi na 3 na dokar 2021 ya wajabta wa kamfani kafa asusun amana don garuruwan da yake aiki a cikinsu, ya riƙa zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin da ya kashe wajen gudanar da aiki a shekarar da ta gabata. Kashi 75 na kuɗin asusun na ayyukan raya ƙasa ne, kashi 20 ajiya, kashi 5 kuma na gudanarwa. Misali, idan kamfani ya kashe naira biliyan 10 a shekara, asusun zai samu miliyan 300, a yi ayyuka da miliyan 225, a ajiye miliyan 60, a gudanar da ofis da miliyan 15.

Kuɗin na gari ne, ba a raba shi ga masu gonaki ɗaya-ɗaya. Kamfani ne ke naɗa kwamitin amintattu bayan tuntuɓar jama'a. Wajabcin kafa asusun yana zuwa ne kafin kamfani ya nemi amincewa da shirinsa na raya filin mai, wato bayan an gano man, don haka garin da aka yi aune-aune kawai a cikinsa ba ya cin moriyarsa. Sashe na 257 ya ce idan aka lalata kayan kamfani ta hanyar ɓarna ko tarzoma, za a cire kuɗin gyara daga rabon al'ummar. Ƙungiyoyin yankin Neja Delta sun soki wannan sashe da cewa yana hukunta gari a kan laifin da wataƙila ba mutanensa suka aikata ba.

Sauran ma'adinai

Zinari, farar ƙasa, fosfet, tsakuwa da yashi suna ƙarƙashin Dokar Ma'adinai ta 2007, kuma ofishin rajistar ma'adinai da ke Abuja ke ba da lasisinsu. A nan mai fili ya fi samun abin riƙewa. Mai neman lasisi yana buƙatar sanar da mai filin da neman yardarsa, ya biya kuɗin hayar saman ƙasa kowace shekara, kuma ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da garin kafin ya fara aiki, wadda ake sake dubawa duk shekara 5. Dokar ta bar wa al'ummomi haƙƙinsu na gargajiya na ɗibar gishiri, kanwa da tozali inda suka saba. Takardar yardar da mai fili ko basarake ya sa wa hannu tana da nauyi, domin da ita kamfani ke kafa hujja a Abuja.

Abin da ya faru a maƙwabta

Rikicin diyya mafi muni a tsohuwar jihar Sakkwato ya faru ne a Bakolori, kusa da Talata Mafara, inda aka kammala madatsar ruwa a 1978. Ruwa ya ci gonaki da gidajen dubban iyalai, aka kuma hana wasu noma na tsawon lokaci ana daidaita filayen ban-ruwa. Manoma sun koka da jinkirin biya, da sunayen da aka tsallake, da ƙarancin abin da aka ƙiyasta, har suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa ƙauyukan. Hukuma ta ba da adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, masu bincike kuma suka ce sun kai ɗaruruwa.

A Zamfara, haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba ta jawo gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu saboda ana niƙa dutsen a cikin gidaje. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a 2019 saboda matsalar tsaro, ta ɗage haramcin a watan Disamba 2024.

A Kolmani, kan iyakar Alkaleri ta jihar Bauchi da Akko ta jihar Gombe, NNPC ya sanar da gano mai a watan Oktoba 2019, Buhari ya ƙaddamar da aikin a ranar 22 ga Nuwamba 2022. Sanarwar ta tayar da muhawara a kan ɓangaren da rijiyoyin suke, domin kaso 13 da matsayin al'umma mai masauki sun dogara ne ga inda iyaka ta bi.

A tsallaken iyaka, Nijar ta fara tace mai a matatar Damagaram a 2011, mai ƙarfin ganga 20,000 a rana, sannan a 2024 ta fara fitar da ɗanyen mai ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. A can ma ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. Sai dai dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda daga baya suka kai har matakin ƙauye, masu ba da takardar shaidar gado, saye, aro ko jingina.

Rashin tsaro da shaidar mallaka

Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Sabon Birni da Isa. A watan Mayu 2020 an kashe mutane fiye da 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni a hari guda. Dubban jama'a sun tsere zuwa manyan garuruwa ko zuwa yankin Gidan Runji a jihar Maraɗi. A watan Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi.

Wannan hali ya shafi batun ma'adinai ta fuska biyu. Aikin bincike yana buƙatar ma'aikata masu yawa su yi watanni a daji, kuma harin da Boko Haram ta kai wa tawagar neman mai da malaman Jami'ar Maiduguri kusa da Magumeri a watan Yuli 2017 ya sa an dakatar da irin wannan aiki a kwarin Chadi na tsawon shekaru. Ta ɗaya fuskar, tsarin diyya ya ginu ne a kan abin da aka tarar a fili da wanda aka tarar a kansa ranar ƙirga. Gonar da mai ita ya yi shekaru yana gudun hijira ba ta da shuka, alamomin iyakarta suna ɓacewa, kuma dattawan da suka san wanda ya gada da wanda ya ara suna warwatse ko sun rasu. Inda babu takarda, shaidar mallaka tana cikin ƙwaƙwalwar waɗannan mutane, kuma da ita za a dogara duk ranar da aka zo karɓar fili, ko don rijiyar mai, ko bututu, ko hanya.